Yatsan Kafinta

Mai Kemis yana gyara wa maƙwabcinsa kafinta, da ke kwance ba lafiya, matashin kai ya sake kawo maganar. Ya ce Fasto ya bugo waya daga hanya, dattawan ikkilisiya sunan mutum ɗaya tak suke son ji: wa zai riƙe zumuntar matasa? Kafintan ya buɗe ido ɗaya, ya dubi silin, ya ce a rage fanka.

Ba ƙaunar matasa ce ta hana Mai Kemis sukuni ba. Dattawa sun yanke cewa in kafintan ya tafi bai naɗa kowa ba, shi Mai Kemis zai riƙe na ɗan lokaci. Ya kuwa san ɗan lokacin ikkilisiya. Na ɗan lokaci aka ba shi kula da kujeru, tun gashinsa yana baƙi. Mutum mai hawan jini, wanda ko labarin 'ya'yan cikinsa sai ta bakin uwarsu yake ji, a ce ya zauna kowace Asabar da yara masu ganga da tambayoyi.

Shi kafintan tun kafin a yi wa majami'a rufin kwano yake tare da matasa, kuma bai taɓa yin wa'azin kirki ba. Aikinsa nuni. Ana zaune sai ya miƙa yatsan nan da zarto ya gutsure wa kai, ya ce wane ya buɗe da addu'a, wance ta bayyana aya. Ba gargaɗi, ba lallashi. Akwai lauyoyi da direbobi a garin da har yau in an nuna su gabansu ke faɗuwa. A ganin Mai Kemis wannan ba shugabanci ba ne, lalaci ne aka yi wa baftisma.

Da la'asar matasan suka zo suka cika ɗakin har waje, takalma tuli a baranda. Matar kafintan ta kwashe kwalaben magani daga kan benci don a sami wurin zama. Aka gaisa. Kowa ya zuba ido ga hannun da ke kan bargo, yana jiran a nuna wani, yana fatan ba shi ba. Hannun bai motsa ba. Numfashin ya riga ya fara nisa.

Mai Kemis ya dubi taron. Tun mutumin bai cika ba, kayan sun faɗo kansa. Ya gyara murya yana laluben ta inda ake farawa.

Wata ta riga shi daga bakin ƙofa. Telar nan ce 'yar mai wanki, wadda ake kira Shiru. Ranar da aka fara nuna ta, tana 'yar sakandare, kuka ta fashe da shi ta gudu gida. Kafintan ya sake nuna ta Asabar ta gaba, da wadda ta biyo baya, har uwarta ta kai ƙara wurin dattawa.

"Kai mai ganga, ajiye wayar nan ka tayar mana da waƙa. A hankali, ba biki muka zo ba," in ji ta. "Ke kuma ƙanwata, karanta mana daga inda muka tsaya."

"Yaya, ai ni na yi wancan makon."

"To kin saba ke nan."

Aka fara waƙa. Leɓen kafintan ya motsa. Matarsa ta sunkuya ta kasa kunne, Mai Kemis ma ya matso ko sunan ne zai fito. Ta ɗago tana dariya da hawaye.

"Wai kun ɗauki waƙar sama da yawa, ku sauko."

Suka sauko. Da aka gama karatu, Shiru ta waiga ta miƙa yatsa, mai filasta inda allura ta soke ta, ta tsayar da shi daidai ƙirjin Mai Kemis.

"Baba, kai za ka rufe mana."

Gabansa ya faɗi kamar na kowa. Sannan wani sanyi ya sauka a kafaɗunsa, don ya lura cewa wanda ake nunawa ba shi ne mai riƙe da zumunta ba. Ya yi addu'a gajeriya, wadda rabon da ya yi mai daɗinta ya manta. Kafin a ce amin, kafintan ya huta.

A baranda wayar Fasto ta same shi. Bayan ta'aziyya da 'yan kalmomin da suka dace, Fasto ya tambaya ko marigayin ya bar suna. Mai Kemis ya ce bai bari ba. Fasto ya ja numfashi, ya soma maganar ɗan lokaci.

"An riga ni, Fasto," in ji Mai Kemis.

A tsakar gida Shiru tana raba aiki, wannan ya ɗauko bencina daga majami'a, wancan ya sanar da 'yan'uwa, mai ganga yana gunaguni yana neman takalminsa ƙafa ɗaya. Ta taga Mai Kemis ya hango matar kafintan tana jan mayafi a kan mijinta. Hannun dama ya ɗan leƙo waje. Ta riƙe guntun yatsan jim kaɗan, sannan ta mayar da shi ciki.