Gwangwani Daga Nan, Murfi Daga Can

Da hannunta Madam Eudora Prosper ta tumɓuke doyarta da rogonta kaf, ta dasa abarba, don Hukumar Haɗin Kan Tsibirai ta yi alkawarin kafa masana'antar zuba abarba a gwangwani. Da wannan 'yar gonar take ciyar da 'ya'yanta tun da teku ta cinye mijinta.

Maƙwabcinta Cuthbert, mai sayar da kifi, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Maƙwabciya, alkawarin Hukuma za ki dafa wa yaran?"

"Je ka ji da ƙarnin kifinka," in ji ta.

Su kuwa manyan sun sha zama, sun sha giyar rake, kowane wakili ya kafe sai a tsibirinsa za a yi ginin. Don kada ran kowa ya ɓaci aka raba aikin: mu da ke ƙarƙashin Ingila mu ƙera gwangwani, tsibirin Faransawa murfi, na Holan takardar mannawa a jiki. Aka yi tafi, aka ɗau hoto. Ba mahaluƙin da ya tuna cewa mu da inci muke awo, Faransawa kuwa da santimita. Ko da an tuna ma, ba a tambayar maƙwabci kai tsaye. Sai tambaya ta je Landan, ta haura Faris, alhali daga bakin ruwa kana hango duwatsunsu.

Ranar buɗewa Eudora ta ci ado, ta turo amalanke maƙil da abarba nunanniya. Gwamna ya ɗauki murfin farko ya ɗora a kan gwangwani. Tsulum! Ya nutse ciki. Ya gwada wani, shi ma haka. Nan take aka naɗa kwamitin bincike, zai zauna bayan damina.

Eudora ta dubi amalankenta. Ta tare sakataren Hukuma: "Yallaɓai, abarbata ba za ta kai jibi ba."

"Haƙuri, Madam. Amma duba takardun mannawar, ai sun yi kyau." Ya cusa mata dami guda.

Ta koma gida ƙudaje na bin amalanken, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Cuthbert bai yi tsokana ba, kifi ya miƙo ta kan shinge. Autarta Celestine ta zauna tana shafa hoton abarbar da ke takardar, can ta ɗago kai.

"Mama, yaushe za mu haƙo doya?"