Murar Unguwar Tudu

Shekara tara a jere makarantun gwamnati na garin Larkmoor suna zuwa na ɗaya a jarrabawar jiha, har mutanen garin suka ɗauka gadonsu ne. Saboda wannan matsayi ake sayen gida mai ɗaki uku dala miliyan ɗaya da rabi, a riƙa biyan harajinsa ana murmushi, don harajin gidaje ne ke riƙe makarantun, makarantun kuma su ke ɗaga kuɗin gidajen. To, a watan Satumban nan sakamako ya fito, Larkmoor ta zo ta huɗu. Abin da ya fi ƙona rai, har Dunmore ta wuce ta, garin da ba a san shi da komai ba sai masana'antar kwali.

Lorna Kasprzak ce ma'ajiyar hukumar makarantun, shekararta ashirin da shida a kujerar, saura wata takwas ta yi ritaya. Mace ce gajera, mai furfura, mai magana a hankali kamar ba ta son a ji ta. Dala miliyan ɗari da arba'in ke bi ta hannunta duk shekara, amma motarta ce mafi tsufa a wurin ajiye motoci. Da yake kuɗin da jiha ke bayarwa ya danganta da yawan yara, rajistar zuwa makaranta ma a ofishinta take ƙarewa.

Ranar Litinin da safe Whitcomb Haverly ya shigo mata da kofi da donat biyu, irin cincin nan mai laushi. Shi ne shugaban kwamitin makarantu, kuma babban dillalin gidaje na garin, fuskarsa na kan alluna a kowace kwana. Bai taɓa kawo mata ko ruwa ba.

"Lorna, Lorna! Uwar ɗakinmu! Kin ga abin da aka yi mana?"

"Na gani, Shugaba."

"Gida uku aka fasa saye a hannuna cikin kwana huɗu. Uku! Ni da ke dai mun san daga inda abin ya fito." Ya nuna ƙasa da haɓarsa, wajen kogi, inda shekara biyu da suka wuce aka gina gidajen haya na Millrace. Nas-nas ne a ciki, da direbobin bas, da masu aikin kanti, kuma 'ya'yansu wajen ɗari uku sun shigo makarantun.

Ya faɗi abin da yake so. Ranar Asabar akwai taron iyaye. Zai nemi a ware dala dubu ɗari takwas: rabi a ba wasu ƙwararru masu ba da shawara, rabi a ɗauki masu bincike su bi gida gida su tabbatar yaran Millrace da gaske a nan suke kwana. Ita kuwa ta haɗa masa taswirar gari, kowace unguwa da makinta, inda aka faɗi a shafa ja.

"Ka duba alƙaluman kuwa, Shugaba?"

"Shekara talatin ina sayar da gidaje a garin nan. Wane alƙalami zai koya mini garina?"

"Da dai ka zauna mu duba tare kafin Asabar."

"Ba ni da lokaci. Ki sa komai, kada ki rufa wa kowa asiri. Na san halinki da tausayi."

Lorna ta ɗan kalle shi ta saman tabarau. "To ka rubuto mini hakan. Na tsufa, mantuwa ta yi mini yawa."

Kafin ya kai mota saƙon ya shigo. Ta buga shi a takarda, ta ninke, ta saka a jaka, sannan ta cinye donat ɗin duka biyu.

Ita ta riga ta san abin da ke cikin alƙaluman tun ranar da suka iso. An yi jarrabawar ne a Afrilu, a makon da aka dawo daga hutun bazara. A ƙa'idar jiha, idan waɗanda ba su zauna ba suka yi yawa, sifili ake rubuta musu a haɗa da na sauran. A wannan makon yara ɗari biyu da goma sha ɗaya ba su zo ba, kuma ɗari da casa'in daga cikinsu 'yan unguwar Tudu ne, inda manyan gidaje suke. Takardun uzurinsu na nan cike da kwali guda, kusan duka kalma ɗaya ce a ciki: mura.

Duk da haka ba ta so a ce ta yi shiru. Ranar Laraba ta kai wa babban daraktan makarantu, Dakta Ellery Boothby, taswirar. Ya kalle ta ya daɗe, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo.

"Shi ya ce a yi wannan?"

Ta nuna masa takardar saƙon Haverly.

"Ranar Asabar, ko? Kash. Ina jin ranar ce zan ga likitan haƙori."

"Wane haƙorin, Dakta?"

"Zan samu ɗaya," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi zauren babbar sakandare ya cika. 'Yan Tudu suka mamaye layukan gaba, kowa riƙe da kofin kofinsa. 'Yan Millrace, su kamar arba'in, suka zauna can baya, wasu da kayan aiki a jikinsu. An yi kusan awa guda ana zuba. Wani ya ce a kori malaman lissafi. Wata ta ce harajin da take biya ya isa ya sayi makaranta sukutum a Dunmore, har da malamanta. Sannan Haverly ya miƙe, ya gyara kwat, ya yi magana mai daɗi a kan yadda Larkmoor ke maraba da kowa, amma fa gaskiya sai an faɗe ta ko da ɗaci. Bai kalli baya ba ko sau ɗaya.

"Madam Kasprzak, haska mana."

Lorna ta danna majigi. Taswira ta bayyana a bango, katuwa. Gefen kogi kore shar. Tsakiyar gari ruwan ɗorawa. Sama kuwa, Tudu, ja wur kamar an watsa barkono.

Haverly ya yi 'yar dariya a lasifika.

"Lorna, kin kifa taswirar."

"A'a, Shugaba, daidai take. Ga kogi nan a ƙasa, ga tashar jirgi. Wancan koren fili a sama filin golf ne, bayan gidanka."

Sai ta yi bayani da muryar nan tata mai sanyi, ba ta ɗaga ba, ba ta ambaci sunan ɗan kowa ba. Ta faɗi ƙa'idar sifili, ta faɗi yawan waɗanda ba su zo ba da unguwarsu. Ba ta gama rufe baki ba Madam Corinne Delafield ta yi zumbur ta miƙe. Lauya ce, ita ce ɗazu ta yi maganar sayen makarantar Dunmore.

"Me kike nufi? 'Ya'yana mura suka yi! Na rubuto!"

"Na gani, Madam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma abin ya tayar mini da hankali. Yara ɗari da casa'in a unguwa ɗaya, mako ɗaya! Na ce ko annoba ce, don in annoba ce jiha na iya yafe mana. Na kira ofishin lafiya, suka ce ba su da labari. Na tambayi nas ɗin makaranta wane magani ya fi tafiya da yaran suka dawo, ta ce man shafawa na ƙunar rana. Sai kuma yara shida da suka dawo da karaya, irin wadda ake samu wajen zamiya a kan ƙanƙara."

Daga baya wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Wani dogon mutum cikin shuɗin kayan asibiti ya ɗaga hannu, ya ce sunansa Anselm Tuazon, nas ne a sashen yara, 'yarsa na aji shida.

"Ni tambaya ce da ni, don neman ilimi," in ji shi. "Wannan murar, ina ake kamuwa da ita? Shekara biyu ina neman hutu ban samu ba."

Nan fa baya ya ɓarke da dariya. Tsakiya ma ta kama. Har a layin gaba aka ga wasu mazaje suna kallon ƙasa kafaɗunsu na rawa, matansu na zungurinsu. Haverly, wanda jikokinsa tagwaye suka yi wannan murar a wani tsibiri tare da shi, ya yi ta buga 'yar gudumar shugabancinsa a tebur.

"To in an cire na Millrace fa?" wani ya jefo daga gaba, da sauran fata a muryarsa.

"Na gwada, Yallabai. Sai mu koma na shida."

Da ƙura ta lafa, Madam Delafield ta sake miƙewa, wannan karon a hankali. "Shi ke nan, mun ji. Nawa ne gyaran?"

"Ko sisi, Madam. Ku dawo da yara daga hutu ranar Lahadi."

Lorna ta ga fuskokinsu sun canza. Ta daɗe da sanin mutanenta. Ɗan Larkmoor bai yarda da maganin da ba a biya ba, gani yake raini ne. Aka fara gunaguni: ai ba zai yiwu a tashi taro haka ba, dole a yi wani abu, me za a gaya wa 'yan jarida? Ta bar su suka ɗan dahu, sannan ta buɗe jakarta ta zaro wata takarda. Sau uku tana kawo wa kwamiti ita a shekara biyu, sau uku ana cewa babu kuɗi: motar yamma da za ta riƙa mayar da yaran gefen kogi gida bayan darasin ƙari, da malaman karatu biyu. Daren jiya ba ta canza komai a ciki ba sai kanun.

"Akwai dai wani shiri," ta ce, kamar ba ta so. "Sunansa Shirin Dawo da Martabar Larkmoor. Sai dai da tsada. Dala dubu ɗari biyu da goma."

"Dubu ɗari biyu kawai?" in ji Madam Delafield. "Ba mai ɗan tsada?"

"Ana iya ƙara malami na uku."

"A ƙara!"

Aka kaɗa ƙuri'a a take. 'Yan kwamiti shida suka ɗaga hannu. Haverly ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga nasa shi ma, rabi-rabi, kamar mai tsayar da tasi.

A wurin ajiye motoci ya tare ta, fuskarsa ja.

"Kin tozarta ni a gaban garina."

"Ai na ce ka zo mu duba, Shugaba."

"Ai sai ki ce mini wuta ce!"

"Ka ce kada in rufa wa kowa asiri. Ina da shi a rubuce, in karanto maka?"

Ya juya zai tafi, ya yi taku uku, ya dawo, ya rage murya. "Waɗancan gidajen na gefen kogi... kin ce kore ne duka? Kin san ko mai su na da niyyar sayarwa?"

"Ban sani ba. Tambayi Mista Tuazon, ga shi can yana jiran bas."

Da Afrilu ta zagayo, ranar jarrabawa ba kujerar da ta zauna babu kowa. Da sakamako ya fito a Satumba, Larkmoor ta zo ta biyu. Dunmore ce ta ɗaya, kuma ba wanda ya iya gano dalili, sai dai Haverly ya sa an sake buga allunansa da rubutun "Na Ɗaya a Gabashin Kogi", wanda kuma gaskiya ne, tunda Dunmore a yammacin kogi take.

Lorna kuwa tun a Mayu ta yi ritaya. Wasu iyaye daga Millrace, da Madam Delafield da kanta, suka same ta a gida tana shuka tumatir, suka roƙe ta ta tsaya takarar shugabancin kwamiti a zaɓe mai zuwa. Ta ce musu gaskiya ba ta da sha'awa, hutawa take so. Amma washegari ta je gyaran gashi a shagon da matar Haverly ke zuwa, ta zauna, ta ce wa mai shagon, wadda bakinta ba ya riƙe magana, a kunne tana tunanin tsayawa, kada fa ta gaya wa kowa.