Tela Ya Samu Ido

Ranar da likita ya cire wa Tela bandejin ido na biyu, abin da ya fara yi da suka dawo gida shi ne tsayawa a tsakiyar falo yana kallon labule.

"Innar yara, yaushe kika canza wannan?"

"Shekarunsa nawa a nan, Malam. Kai ka ɗinka shi da hannunka."

"Ni na ɗinka kore shar haka? Ni da nake zaton ruwan ƙasa ne!"

Cutar yanar ido ce ta rufe masa idanu a hankali har ya ajiye keken ɗinki, ya koma sai Inna ta riƙe masa hannu ko ƙofar gida zai je. Yanzu da aka yi aiki, sai gidan ya yi masa kaɗan. Ya gano tsagar da ke bangon kicin. Ya gano ƙurar da ke kan fanka. Ya gano cewa kyanwar da yake ba abinci ashe ba ɗaya ba ce, su biyu ne suke karɓa-karɓa. Da ya fara bin Inna yana nuna mata inda zaren gyalenta ya zare, sai ta ɗauki waya ta kira Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aikin jinya.

"Zo ki fitar da ubanki ya kalli wani abu da ba ni ba, kafin in kulle shi a sito."

Auta ta ce akwai wasu tsaunuka can bayan gari, da duwatsun da mutanen zamanin baya suka kafa, da wata tsohuwar hasumiya. Wuri ne da ido zai ci ya ƙoshi. Ranar hutunta ta zo da mota, da kwalbar maganin ɗigawa, da sharuɗɗa: ba gudu, ba sunkuyo, ba murza ido.

Tun daga bakin titi Tela ya fara karanta alluna da ƙarfi. "Ana gyaran taya! A rage gudu, makaranta a gaba! Ana sayar da ƙwai!" Da gari ya ƙare alluna suka ƙare, sai ya koma karanta rubutun bayan manyan motoci. Inna tana kujerar baya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Rabon da ta ji muryarsa da wannan zaƙin har ta manta.

Hanya ta yi ta hawa tana lanƙwasa, kunnuwa suna toshewa suna buɗewa, har suka kai wani fili mai ciyawa a saman tudu. Iska mai sanyi ta tare su. Ga duwatsun nan tsaitsaye sun yi da'ira, dogaye sun fi mutum, gansakuka ta lulluɓe musu kafaɗu. Inna ta miƙa hannu don ta kama na mijinta kamar kullum, sai ta kama iska. Tela ya riga ya yi gaba, babbar rigarsa na kaɗawa.

"Ku zo ku gani! Wannan kamar mace mai goyo. Wancan kamar an sare masa kai. Kai, kun ga wancan gajeren na gefe? Wallahi kamar mutum ya duƙa ya rufa da bargo. Dubi har da gwiwa! Mutanen da sun iya sassaƙa."

Dutsen ya yi atishawa.

Sannan ya miƙe, ya yaye bargo mai ruwan toka, ya ce, "Sannunku da zuwa. Ni ne mai gadin wurin."

Inna ba ta san sanda ta zauna daɓas a kan ciyawa ba. Dariya ta hana ta numfashi, hawaye na bin kumatunta. Tela kuwa ko a jikinsa. Ya kama hannun mai gadi yana girgizawa. "Ka gafarce ni, ɗan'uwa, idon sabo ne, ban gama koyon tuƙa shi ba."

Mai gadi ya zaga da su. Ya ce babu wanda ya san takamaimai su wa suka kafa duwatsun, ko don me. Kowane baƙo da labarin da yake zuwa da shi. Ya nuna musu hasumiyar can kan ƙololuwa, rabin rufinta ya zube, amma matakalar ciki tana nan daram.

"Ni dai a nan zan jira ku," in ji Inna. Ko kan kujera ta hau don ta sauko da tukunya, jiri take ji.

"Ina! Ƙafarki ƙafata." Tela ya kama hannunta.

Ciki duhu-duhu ne, matakalar ta murɗe kamar katantanwa, tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda sawun mutane. Inna ta runtse ido. Sai ta ji muryarsa a kunnenta, ya maƙale ta yana kwaikwayon tata: "Ɗaga ƙafa, Malam. Yauwa. Akwai rami a hagu. A hankali, kada ka ja mu mu faɗi, ni ba ni da ƙarfin ɗaga ka."

"Haka nake magana?"

"Har da tsakin ma ban saka ba."

Auta tana biye da su tana cewa su bar dariya a kan matakala, don Allah. Ba su bari ba.

Da suka ɓullo sama, haske ya buge su. Inna ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Duniya ce shimfiɗe a ƙasa: tudu bayan tudu, kore yana komawa shuɗi, kogi kamar an yar da zare, wata babbar mota tana rarrafe kamar ƙwaro. Kanta ya juya, amma juyi mai daɗi, irin na lilo. Ta ƙanƙame hannun rigarsa ta saki wani ihu da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

 Da ta waiwaya, Tela ba tuddan yake kallo ba, ita yake kallo.

"Innar yara, yaushe kika yi furfura haka?"

"Kai ka shuka ta, ɗaya bayan ɗaya."

"To na iya shuka. Ta yi miki kyau."

"Malam! A gaban yarinya?"

Auta ta juya baya tana ɗaukar hoton gajimare. Daidai nan iska ta zo ta fizge hular Tela, ta yi sama da ita tana juyi.

"Ina ganinta! Ina ganinta!" Yana tsalle yana nuni. "Ga ta can, ta wuce duwatsu, ta gangara, ta faɗa cikin tumakin can! Auta, kin gani? Tun daga nan na gan ta!"

Suna saukowa ya tattare riga zai bi ta. Auta ta sha gabansa. "Baba, ba gudu, ba sunkuyo. Haka muka yi da kai."

"Bari, ni zan ɗauko," in ji Inna, don har yanzu iskar saman nan ba ta fita daga kanta ba. Ta gyara ɗaurin zane ta nufi gangaren. Taku kaɗan ta gane ciyawar jiƙe take. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, ƙafafu suka ƙi jin magana. Sai ga ta zaune, tana sulalawa, gyale na tashi a bayanta kamar tuta. Tumaki suka watse. Ta tsaya a gindin gangaren, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kallon sama tana ƙyaƙyatawa.

Can sama Tela ya dubi 'yarsa. "Likita ya hana zama?"

"Baba, kada ka..."

Ya riga ya zauna ya tura kansa. Ya iso kusa da matarsa da kabbara, rigarsa ta naɗe masa har wuya. Hular kuwa tana bakin wata tunkiya, tana taunarta a natse. Suka roƙe ta, suka lallashe ta, ta sakar musu rabi.

Auta ta sauko ta hanyar mutane, fuska a murtuke. Ta duba idon uban, ta ɗiga masa magani, ta duba gwiwar uwar. Ta ce ba za su hau mata kujera da wannan laka ba sai ta shimfiɗa tabarmar roba, kuma duk su biyun baya za su zauna. Suka zauna kamar waɗanda aka kama, ba mai iya kallon ɗan'uwansa, don da ido ya haɗu sai wani ya fashe da dariya.

Mai gadi ya leƙo ta taga yana musu sallama. Ya ce idan ba sa sauri, in sun kai mararraba suka yi hagu, akwai inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, har ana iya shiga ta bayansa.

"Gida za mu," in ji Auta.

Suka kai mararrabar. Auta ta dube su ta madubi: tsofaffi biyu, ciyawa a gashi, sun zuba mata ido. Ta yi ajiyar zuciya, tana danne murmushi, ta karya kan mota hagu.