Langar Baƙi ta Inna Ladi

Kwana goma sha biyu Hafiza ta yi a Badaguishiri, kuma babu ranar da ba a yanka wani abu mai fiffike saboda ita ba. Yau kaza, gobe zabo, jibi tantabaru. Har ladanin unguwar ya fara tsokanar mata, wai sun bar masa tashin mutane shi kaɗai, tunda zakarun da ke taya shi duk sun shige tukunya.

Hafiza ɗalibar jami'a ce daga Tawa, tana shekarar ƙarshe a karatun abinci da lafiyar yara. Aikin da ya kawo ta ba shi da wuyar faɗi: gida goma sha biyu a unguwa ɗaya, kowane gida wuni guda, ta auna da ɗan sikelinta duk abin da ƙaramin yaro ya kai baki, ta rubuta a kaye, wato littafin rubutunta. Da wannan za ta haɗa kundin binciken da za ta kare a gaban malamai. In babu shi, babu takarda, sai ta maimaita shekara.

Ranar da ta iso, maigari ya damƙa ta a hannun Inna Ladi, tsohuwar ungozomar unguwar. Inna Ladi kuwa irin matan nan ce da in ka ba su ajiyar allura sai su gina mata rumbu. Ta karɓi jerin gidajen, ta sa aka karanta mata, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sanar da kowace mace ranar da Malama za ta wuni a wurinta, tare da gargaɗin kada wadda ta kunyata unguwa. Wadda ba ta da kaza ta ranto, wadda ba ta da shinkafa aka haɗa mata. A duk gidan da Hafiza ta shiga sai ta tarar an yi shara, an shimfiɗa sabuwar tabarma, yara sun sha wanka da mai, kowa da ɗan kwanonsa. Ita kuma a kawo mata nata a wata langa mai furanni da murfi, wadda Inna Ladi ke aikawa gida gida, don ita ce langar baƙi mafi kyau a unguwar. Hafiza ta yi ta awo tana murna, har ta yi kumatu.

Da ta aika wa malaminta, Dokta Alkasum, sakamakon, bai yi awa ɗaya ba ya kira ta. Dariya ta hana shi yin sallama yadda ya kamata. Ya ce bisa lissafinta yaran Badaguishiri sun fi 'ya'yan minista cin nama, don haka gobe zai kwashe iyalinsa ya komo can. Da dariyar ta lafa sai ya tambaye ta a kan me take zama in ta shiga gidajen. Ta ce sabuwar tabarma. Ya ce to ba abincin yara ta auna ba, karamcin iyayensu ta auna. Ya ba ta mako biyu ta sake aikin daga farko, bayan nan ba shi da ikon ƙara mata ko wuni.

Hafiza ta ji kunya, ta kuma ji tsoro, don ta san irin dogon buri da mahaifiyarta ta ɗora wa wannan takarda. Ta tafi wurin Inna Ladi, ta durƙusa, ta yi godiya mai tsawo, sannan ta roƙe ta a daina yi mata girki, a bar kowane gida ya dafa abin da ya saba.

Inna Ladi ta ajiye carbinta ta dube ta sama da ƙasa.

"Malama, mi munka yi miki? So kike ki rubuta cikin kayenki gidan Ladi miyar kuka aka ci, ki tahi Tawa a karanta gaban mutane?"

Hafiza ta yi bayani cewa ba a sa sunan kowa, lamba kawai ake ba kowane gida. Wannan ma ya ƙara ɓata lamarin, don Inna Ladi ta ce ita ba kamyo ba ce, babbar motar kaya, da za a manna mata lamba. Ta rufe zancen da cewa tun kakanni ba a taɓa sa wa baƙo ɗumame a unguwar nan ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Ta kira surukarta Mariama ta ce a kama jan zakaran nan don gobe.

Hafiza ta koma masauki tana juya maganar. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, ba a sa wa baƙo ɗumame. To ashe ba girkin ne matsalar ba, baƙuncin ne.

Washegari da sassafe ta bar takalmin ƙafa ciki da jakar hannu a ɗaki, ta ɗaura tsohon zane, ta cusa sikelin a buhu, ta shiga gidan Inna Ladi tun kafin a shimfiɗa tabarma. Ba ta zauna ba. Ta ƙwace tsintsiya a hannun Mariama, ta yi shara. Ta tafi da ita garka, wato lambun gidan, suka ɗebo albasa. Da suka dawo aka ɗora tukunyar tuwon masu aikin garka, sai ta riga kowa ɗaukar muciya. Mariama na ba ta haƙuri, ita tana cewa ai ta iya.

Gaskiyar magana ba ta iya ba. Yarinyar da ta tashi a kan risho da taliya ina ita ina tuƙa tuwon mutum goma sha biyar? Ta zuba gari gaba ɗaya, tuwo ya yi gudaji kamar an watsa tsakuwa, ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya cika gida ya tsallaka katanga. Inna Ladi ta fito daga ɗaki da sauri, ta leƙa tukunya, ta ga garin geronta na tiya biyu ya tashi a banza, sai ta manta da wa take magana.

"Ke Hahiza! Wane irin sakarci na wanga? Boko ɗai anka koya miki? Ba ni muciyag ga, tashi ki wanke kwanoni, in su ma kin iya!"

Mariama ta toshe baki da gefen mayafi. Inna Ladi ta tsaya da muciya a hannu, ta gane cewa ta zage Malama tas a gaban suruka. Hafiza kuwa wani daɗi ya rufe ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a. Ta durƙusa ta ce, "To, Inna," ta nufi wurin wanke-wanke.

Wanda aka yi wa faɗa ya zama ɗan gida, wannan ko Inna Ladi ba ta da ja a kai. Jan zakara ya tsira da ransa. Da rana aka miƙo wa Hafiza tuwon da ta ɓata da hannunta, da miyar kuka, a wani kwano mai lanƙwasasshen baki. Kafin la'asar Inna Ladi ta aika wa sauran gidajen cewa baƙuwa ta tafi, wadda ta rage Hafiza ce, kuma kada wadda ta kuskura ta bar ta kusa da murhu.

Daga nan ne Hafiza ta fara ganin abin da ta zo nema. Babu ɗan kwano ga kowane yaro, wannan don idonta aka yi shi. Tasa ɗaya ake ajiye wa yara a tsakar gida su kewaye ta. Tunda ba a auna cin mutum a tasar taro, sai ta koma ƙirga loma, ta auna loma ɗaya ta kowane yaro a sikeli ta ninka.

A gidan Inna Ladi kansa akwai jikoki biyu da suka tsaya wa Hafiza a rai, 'ya'yan Mariama da Mato, ɗan Inna Ladi, wanda ke tuƙa kamyon siminti daga Malbaza. Kamalu ɗan shekara huɗu ne, sunan marigayi mijin Inna Ladi ya ci, don haka ba ta kiransa sai Maigida, kuma wa ya isa ya hana maigida abinci? Ya ci a kwanon kakarsa, ya zo ya ci a tasar yara, ya bi da biskit da lemon kwalbar da ubansa ke jibge masa duk ƙarshen mako. In ya yi gudu kaɗan sai haki. Ƙanwarsa Nazifa kuwa, 'yar shekara biyu, tana zaune a tasa ɗaya da manyan yara huɗu. Kafin ta gutsuro, ta hura, ta kai baki, an kai rabi. Loma biyar Hafiza ta ƙirga mata ranar farko. A sauran gidajen ma haka ta yi ta gani, mafi ƙanƙanta shi ke tashi da mafi ƙarancin rabo.

Ta gama gida goma sha biyu ana saura kwana ɗaya. Dokta Alkasum ya duba, wannan karon bai yi dariya ba, ya ce ta dawo ta fara rubutu.

Ranar tafiyarta ta gaya wa Inna Ladi abin da ta gani. Tsohuwar ta ce ƙibar Maigida lafiya ce da rufin asiri, Nazifa kuma ƙirar dangin uwarta ce, ba sa yin jiki. Hafiza ba ta yi musu ba, ta riga ta san ba a kayar da Inna Ladi da baki. Ta roƙe ta abu ɗaya kawai, ta zauna kusa da tasar yara ta ƙirga da kanta.

Inna Ladi ta zauna tana gunaguni, tana jan ƙwayar carbi ɗaya duk lomar da Nazifa ta kai baki. Da tasa ta koma fayau, yara suka watse, ta duba hannunta. Ƙwaya shida ta ja. Nazifa na nan zaune tana lasar yatsa, tana leƙen tasar.

Tsohuwar ta ajiye carbin. Ita ta yanke wa yarinyar nan cibi, kullum a gabanta take cin abinci, amma ba ta taɓa gani ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da langar nan mai furanni, ta zuba tuwo daga nata kwanon, ta sa miya, ta tsinko tsokar kifin da ta ɓoye wa Maigida, ta ajiye a gaban Nazifa. Kamalu ya matso da hannunsa a miƙe, ta ce masa maigidan kirki ci ɗaya yake yi ya tashi.

Mariama ta ce a hankali, "Inna, langar baƙi ce hwa."

"Na sani," in ji Inna Ladi, tana gyara wa yarinyar zama. "Shekara biyu tana gidanga ba mu yi mata saukar kirki ba. Ku bar ta ta ci."