Abin da Ke Cikin Kwalbar Bitamin

Likita Thaddeus ya ɗaga hannun rigar Malam Lukmanu, ya dubi ƙurajen da suka feso masa har wuya, sannan ya dubi na'urar awon jini, wadda tun safe ba ta faɗi abin daɗi ba.

"Oga, jininka sai sauka yake yi. Da muka ga zazzaɓin, mun ɗauka cuta ce ta shiga jini, muka yi ta ba ka allurai. An gwada, babu ƙwayar cuta, ga hanta ta fara taɓuwa. Akwai maganin da ka fara sha kwanan nan?"

Lukmanu ya lumshe ido. Ma'aikatan ofishinsa sun zo dubiya da katan ɗin lemo, sun jeru a jikin bango, kowa na jiran wani ya fara tashi. Likita ya so su fita, Lukmanu ya ce ba a korar ɗan dubiya.

"Bitamin kawai," in ji shi.

A watan jiya wani likita a unguwar Utako ya ce masa farfaɗiya ce, ya rubuta masa magani. Tun a mota ya ɓare ƙwayoyin, ya juye su a kwalbar bitamin, ya yar da kwalin. Mataimakin darakta mai jiran ƙarin girma ba ya farfaɗiya. Iyakarsa gajiya. Ko matarsa Murja bitamin ta sani, kuma ko a nan asibiti ba ta taɓa bari ya tsallake ba.

"Lokacinsa ma ya yi," in ji Murja. Ta zazzago ɗaya a tafin hannu, ta ɗauko ruwa.

Likita bai ɗauke ido daga Lukmanu ba. "Akwai magungunan da jiki ke ƙi, su kawo irin wannan sak. In mutum ya ci gaba da sha, gaskiya ba na iya yin alkawarin komai."

Lukmanu ya dubi ƙwayar. Ya tsinci kansa yana lissafin wanne ya fi sauƙi, haɗiyewa ko magana, kuma lissafin ya ɗauke shi lokaci fiye da yadda ya kamata. Daga ƙarshe ya ɗaga kai, ya gaya wa silin ɗin ɗakin.

"Na farfaɗiya ne."

Likita ya karɓi kwalbar. "Wannan ya tsaya daga yanzu. Zan nemo maka wani iri, don kada faɗuwar ta dawo."

Lukmanu ya jira ya ji 'yan dubiya suna ja da baya daga gare shi. Sai sakatariyarsa Felicity ta sauke ajiyar zuciya.

"Ashe oga ya je ganin likita. Mun gode Allah. Ranar da ka faɗi a ofis, ni da Kure direba muka ɗora ka kan kujera. Da ka farka ka ce barci ne ya ɗauke ka, muka ce e, oga. Duk ofis an ce a yi shiru, kada ka ji kunya."

Na jikin bango suka sunkuyar da kai.

Murja ta daɗe tana kallon ƙwayar da ke hannunta. Ta miƙa wa likita, ta goge tafin da mayafi. Ba ta dubi mijinta ba. Ta jawo kujera kusa da Felicity.

"Zauna, 'yar'uwa. In ya faɗi, yaya ake yi masa?"

Lukmanu na kwance, yana jin sakatariyarsa tana koya wa matarsa yadda ake juya shi ta gefe.