Haruffan da Halvar Ya Cinye

Kaka na wucewa Fasto kan bi gida-gida da babban kundinsa, kamar yadda dokar sarkin Suwidin ta ce, ya sa kowa karatu a gabansa. Wanda ya iya, a yi masa alama kusa da sunansa. Wanda ba shi da alama ba a ɗaura masa aure. Shekara uku ke nan gurbin Halvar fayau, Sissela kuwa, yarinyar da yake nema, ta ce daga bana ta gama jira.

Ƙanwarsa Gunnel ce ta ɗauki abin da zafi. Ga 'yarta Malin mai shekara shida, ga jariri, ga shanu, ba ta da lokacin zama da littafi, amma ta san inda yayanta ke tuntuɓe. Ya haddace littafin addini kaf, kamar rabin ƙauyen, sai ya buɗe ya kafa ido yana rerawa. Bara Fasto ya miƙa masa shi sama a ƙasa, ya zubo shafi guda bai lura ba.

Sai ta mai da ranar gashin burodi ranar makaranta. Ta murza ragowar kwaɓi, ta lanƙwasa harafi-harafi, ta gasa. Wanda ya faɗi sunan harafi shi ke ci.

"Wannan fa, Yaya?"

"Ƙugiya ce."

"Yau ma Kawu da yunwa zai tashi," in ji Malin. Ta faɗi sunan, ta cafke.

"Ke 'yar ɓera, bar wa tsoho rabonsa mana!"

"Ko ɓarɓashi ba mai ba ka," in ji Gunnel tana jijjiga jariri. "Ƙato da kai. Sake dubawa."

Kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, tana jera masa kalma guda a kan tebur, sai ya haɗa ta kafin ya taɓa.

Bana a gidan Gunnel aka taru jiran Fasto. Maƙwabta suka cika benci, Sissela na can bakin ƙofa tana murza bakin zanenta. Da aka zo kan Halvar, Fasto ya ture littafin addini gefe.

"Wannan ka fi ni saninsa."

Ya zaro wata takarda daga aljihu, sanarwar aikin gada, wadda wakilin gwamna ya karanta musu da bakinsa da bazara. Gunnel ta ƙanƙame jaririnta.

Halvar ya ɗora yatsa. Ya riƙa ciro kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tone duwatsu a gona, gumi na bin wuyansa.

"Kowane... gida... mutum ɗaya... kwana... biyu."

Ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi.

"Ranka ya daɗe, biyu na gani. Ai kwana huɗu wakili ya sa muka yi muna dakon dutse."

Gunnel ta ji kamar ta toshe masa baki. Mutum na neman alama, ina shi ina taɓa wakilin gwamna? Amma ita ta koya masa, kuma ba ta koya masa tsallake kalma ba. Ta miƙe.

"Fasto, ya karanta daidai ko ya yi kuskure?"

Fasto ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da taga, ya daɗe yana dubawa.

"Biyu ne," ya ce. Ya tsoma alƙalami a tawada. "Sarki ne ya matsa sai kun iya karatu. To, ga shi kun iya. Ran Lahadi kai za ka karanta wannan a ƙofar coci, wakili na tsaye."

Ya yi alamar. Malin ta leƙa kundin sai da ta tabbatar.

Da aka zauna cin abinci, Gunnel ta ajiye wa yayanta harafi guda a gabansa, mai lanƙwasa biyu, da zafinsa.

"Wannan fa?"

"Na Sissela ne."

"Ka ci mana, Kawu, ko in taya ka?"

Ya kaɗe hannun Malin, ya tashi ya nufi bakin ƙofa da shi a tafin hannu, yana hura shi.