Matar Maƙeri Ba Ƙarfe

Ni Gambina ba na shiga maganar mutane. Katangar da ke tsakanina da gidan taubashina Saini maƙeri ce gajera, kunnena kuma lafiyarsa lau.

Matarsa Bibata ta daɗe da ciwon suga, har ya taɓa mata ƙoda. Bara da damina ta fara haki, ko taɓarya ba ta iya ɗagawa, tafin hannunta fari fat. Ga 'yarta Hamsatu da cikin fari a Gaya, saura wata biyu ta zo Dosso haihuwa gaban uwarta. Sai surukar yarinyar ta aiko: in Bibata ba ta da ƙarfin wankan jego na kwana arba'in, a bar mata Hamsatu can. Ranar Bibata ko dambu ba ta ci ba.

Na raka ta asibiti. Likita ya ce jininta bakwai ne, sai ya kai goma zai yarda ta kama wannan aiki. Wai ƙoda ce ke aika wa ɓargo ya yi jini, tata ta gaji da aike, kuma jikinta ba ƙarfe. Ya rubuta allura da ruwan ƙarfe na jijiya.

Muna dawowa na leƙa maƙera.

"Taubashi, shekara arba'in kana dukan ƙarfen mutane, ashe na gida ya ƙare."

"Ke tsohuwar akuya, me kuma kika jiyo?"

Mutum uku kacal na faɗa wa, amma kafin la'asar har masu nama suna tambayarsa. Kunya ta kama Saini. Ya ce ba za a sa wa matarsa ƙarfen wani ba yana raye. Kullum da safe sai ya ɗebo ruwan da yake tsoma ƙarfe mai zafi a ciki, ƙwarya guda, ya zuba zoɓo don ya yi kalar jini, ya tsare ta sai ta shanye. Ta katanga na gani. Kwana shida ƙafafunta suka kumbura.

Da muka koma, likita ya ce, "Inna, me kike sha?"

Bibata ta sunkuyar da kai, ba ta son tona mijinta. Ni ko ba aurena yake ba. Na zazzage komai har da girman ƙwaryar.

Likita ya yi dariya, ya sa aka kira Saini. "Baba, naka na garma ne, ba ya zama jini. Ƙodarta kuma ba ta iya fitar da wannan ruwa."

Saini ya kalli sandar da ake rataye ledar ruwa, ƙafarta ɗaya a karye.

"A kan wannan gurguwar za ku sa mata?"

Washegari ya kawo sabuwa, ƙirar hannunsa, har da ado a kai. A kanta aka rataye ruwan Bibata, shi kuma yana faɗa wa kowa da ƙarfensa ake yi.

Mako bakwai jini ya kai goma da ɗoriya. Da kaina na aika wa surukar labarin, na ce a maimaita mata sau biyu. Hamsatu ta zo, ta haifi mace. Da sassafe na tarar da Bibata bakin tukunya, ganye a hannu, tana watsa wa 'yarta ruwan zafi tana waƙa.

"Gambina," ta ce, "daina tsayuwa, ƙaro min itace."